Ɗinkin Ɗamarar Sulle

Matan da suka fita itace da sassafe su suka fara ganin Sulle mai zuma kwance a gindin babbar ɗorawar bakin fadama, ƙeyarsa a fashe, ƙudan zuma na ta shawagi a kansa. Kafin hantsi duk mutanen Unguwar Magarya, wani ƙauye a yankin Daura ta ƙasar Karaye, sun hallara a wurin. Kusa da gawar akwai sandar kiwo a yashe, kuma babu wanda bai san mai ita ba. Ta Hammawa ce, Bafulatanin da rugarsa ke hayin fadamar tun zamanin iyayensa. A makon da ya shige ƙudan Sulle sun taru a kan wani maraƙin Hammawa sun harbe shi har ya mutu, shi kuwa ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai yafe ba.

"Me kuma ake jira?" in ji Lukumanu, ƙanen mamacin, idanunsa jajur. "Ga sanda, ga jini, ga shi ya gudu. Ku taso mu haye!"

Samari suka fara lalubar duwatsu da gorori. Mai unguwa Abdulsalami ya sha gabansu, ya roƙe su don girman Allah, sannan ya tura babur a ɗauko masa Ɗanmaliki.

Ɗanmaliki tsohon maharbi ne da ya daɗe da rataye bindiga, ya riƙe bin sawu. Idan an saci akuya a Karaye, ko saniya ta ɓace a Rogo, shi ake nema, har 'yan sanda kan aiko masa. Mutum ne mai ƙarancin magana, gwiwarsa guda ta fara ba shi wahala. Da ya sauka daga babur bai kalli gawar ba tukuna. Ya ce kowa ya ja da baya, ya sunkuya yana zagaya bishiyar a hankali.

An ɗan yi yayyafi a daren, ƙasa ta yi laushi. Ga takalman Sulle a jere a jikin bishiyar, yadda mai hawa ke tuɓe su. Ga ƙananan rassa da ɗanyen ganye a zube. Da ya ɗaga kai ya hango damin karan da Sulle ke yi wa ƙuda hayaƙi da shi, maƙale a can sama kusa da amya. Jinin kuwa a kan wata katuwar saiwa ya fi yawa, har da gashi a jikinta. Shanu sun bi ta wurin, amma kofaton da ya taka jinin bai ja shi ba, don ya riga ya bushe kafin su iso. A bayan shanun ga sawun takalmin roba, mai tafiya a natse. Sawun ya tsaya cak, ya matso, gwiwoyi biyu suka dafa ƙasa, daga nan sai dogon taku na mai gudu, ya yi yamma.

A cikin ciyawa ya tsinci ɗamarar ƙirgi, wadda Sulle ke zagaya wa ƙugunsa da jikin reshe in zai saki hannuwa ya yi aiki. Zoben ƙarfenta ya rabu da ita. Ya nuna wa mai unguwa, ya naɗe ta ya jefa a jaka.

"Ranka ya daɗe, babu wanda ya doki mutumin nan a ƙasa. Daga sama ya faɗo. Hammawa ya zo ya tarar da shi ne, ya durƙusa ya duba, ya firgita."

"To wa ya faɗo da shi?" Lukumanu ya daka masa tsawa. "Yayana tun yana yaro yake hawa. Lallaɓowa aka yi aka yanke masa ɗamara, ku kuna nan kuna karanta ƙasa!"

Da ƙyar mai unguwa ya sa suka yi alkawarin babu mai haye fadama sai an yi sadakar uku. 'Yan sanda suka zo suka duba, suka ce a nemo musu Hammawa. Bayan azahar aka kai Sulle makwancinsa.

* * *

Sawun gudun bai tsaya a ruga ba. Ya ratsa gonakin da ake shara, ya bi gefen wani rafi, ya hau burtali. Inda ƙasa ta yi tauri Ɗanmaliki ya riƙa bin karyayyar ciyawa da tsakuwar da aka ture. Da la'asar sakaliya ya isa wata ruga a ƙasar Rogo Ruma, inda surukan Hammawa suke. Suka ce ba su gan shi ba. Ɗanmaliki ya nemi ruwa ya sha, ya zauna a kan turmi yana murza gwiwarsa, ya ce shi ma ba sauri yake ba. Can sai ga Hammawa ya fito daga wata bukka, ya rame kamar wanda ya yi jinya.

"Baba, wallahi tallahi ban taɓa shi ba."

"Na sani. Me ya sa ka gudu?"

"Na ga jini, na tuna abin da bakina ya faɗa a kasuwa. Wa zai yarda da ni? Ko sandata ban san na yar ba." Ya tsuguna ya dafe kai. "Iyalina fa? An taɓa su?"

"Suna lafiya zuwa yanzu. Amma in ba ka zo ranar sadakar uku ba, ban san abin da zai biyo baya ba. Ka zo ta gidan mai unguwa, zan sa a tsare ka. Kai da kullum kake fadamar nan, ban da kai wa ke da zafi da Sulle?"

Hammawa ya ce ba ya son shiga tsakanin 'yan'uwa, amma ya sha jin Sulle da Lukumanu suna zage-zage a kan gonar fadama da amyoyin da ubansu ya bari. Ya ce akwai ranar da ya ga Lukumanu ɗauke da ɗamarar nan a kafaɗa.

* * *

Washegari da safe Ɗanmaliki ya ja Lukumanu gefe daga wurin zaman makoki. Da ya ji inda tambayar ta dosa sai ya miƙe tsaye.

"Ni? Ni zan kashe ɗan'uwana? Baba Ɗanmaliki, ba don furfurarka ba..."

"Zauna. Ka ɗauki ɗamarar ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka. Ganyen kuka na hau na sassaɓo, na mayar masa tun kafin azumi. Ya hau da ita bayan nan ba sau ɗaya ba, ka tambayi kowa. Faɗa kuwa mun yi, ba na musu. Wa ya zauna da Sulle bai yi faɗa da shi ba?" Ya share ido da hannun riga. "Amma uwa ɗaya ta haife mu."

"Ina yake ajiye ta?"

"A ɗakin matarsa, a rataye bayan ƙofa. Ba ya barin kowa ya taɓa."

"Wa ya ɗinka masa ita?"

"Wa kuwa, ban da surukinsa, Ilu Baduku? Shi ya sa nake gaya maka yanke ta aka yi. Ɗinkin Ilu ba ya warwarewa."

Ɗanmaliki ya dubi hannayen Lukumanu, manya, masu kanta, hannun fartanya da gatari. Da ya keɓe ya fito da ɗamarar ya duba ta da kyau cikin rana. Babu alamar wuƙa ko ɗaya a jikin fatar. Wurin da aka naɗe ta a kan zoben aka ɗinke, nan ɗinkin ya zare. Hujojin suna nan lafiya, ba su yage ba, guntayen baƙin zare na leƙowa daga cikinsu.

* * *

Ranar kasuwar Karaye ce. Ɗanmaliki bai zaci zai sami Ilu a rumfarsa ba, tunda surukinsa ne ya rasu, amma yana nan a layin dukawa, a kan tsohon buzunsa. Tare suka yi karatun allo, tare suka tsufa. Suka gaisa, Ɗanmaliki ya yi masa ta'aziyya, ya tambayi Sauda, 'yarsa, matar mamacin.

"Tana nan, ta shiga takaba," in ji Ilu. "Na je jiya. Zaman ne na kasa, na ce gara in zo in riƙe wani abu a hannu."

Kube yake ɗinkawa. Ya warware zare ya maƙala bakinsa a babban yatsan ƙafa, ya ɗauko dunƙulen kakin zuma da ya yi baƙi don tsufa, duk jikinsa tsage-tsage, ya riƙa jan zaren a kansa yana komowa har zaren ya yi tauri, ya yi sheƙi. Ya murza shi a cinya, ya zura allura a kowane baki. Sannan ya huda fatar da basilla, ya shigar da allura ɗaya ta nan, ɗaya ta can, a huji guda, ya ja hannu biyu har zaren ya nutse a cikin fata.

"Har yanzu ba ka koma zaren roba irin na 'yan Kano ba?" in ji Ɗanmaliki.

"Allah ya kiyaye. Wancan santsi gare shi, ƙulli ba ya zama. Wannan kuwa kakin yana cike hujin, ruwa ba ya shiga, gumi ba ya cin sa. Ko ɗinki ɗaya ya tsinke, ɗan'uwansa na riƙe, tunda allura biyu ce. Fatar za ta mutu ta bar zaren." Ya ɗaga dunƙulen. "Shi marigayin ke kawo mini kakin ma."

Ɗanmaliki ya fito da ɗamarar ya ajiye masa a cinya.

Ilu ya kai ta kusa da idonsa, don ganinsa ya ragu. Ya shafa hujojin da yatsa. Ya tsinko guntun zare ya murza, ya kai hanci. Sai hannunsa ya tsaya. Ɗanmaliki yana kallon jijiyar wuyansa tana harbawa.

"Aikina ne," in ji Ilu.

"Ɗamarar aikinka ce. Ɗinkin fa?"

"Na ce maka aikina ne. Ya kawo mini gyara kwanakin baya, kaki ya ƙare mini, na ɗinka haka nan. Tsufa ne, Ɗanmaliki. Ka je ka gaya musu ni ne."

Ɗanmaliki ya dubi dunƙulen kakin da ya cika tafin hannu, ya dubi damin zaren da ke rataye a jikin rumfa, duk an riga an shafe shi. Ya miƙa hannu ya karɓi ɗamarar, sai da ya ɗan ja kafin Ilu ya saki. Ya roƙi ɗan guntun zare mai kaki, Ilu ya yanka masa ba tare da ya ɗago kai ba.

* * *

Da ya koma gida bayan la'asar ya zauna a tsakar gida, ya sa matarsa Hajo ta kawo masa ruwa a kwano da sabulu. Ya murza zaren Ilu a yatsa, yatsan ya fito fes, sai ɗan danƙo da ƙamshin zuma. Ya murza na jikin ɗamarar, yatsan ya yi baƙi ƙirin, yana warin man gyaɗa. Ya jefa su duka a ruwan sabulu ya cuɗa. Na Ilu ya fito yadda ya shiga. Ɗayan ya saki baƙi ya ɓata ruwan, ya fito siriri, mai laushi, ruwan goro.

Hajo ta leƙo ta kafaɗarsa. "Malam, ina ka samo zaren hula?"

"Kin tabbata na hula ne?"

"Haba, ni da na tsufa ina ganinsa? Ninka shi aka yi. Wannan baƙin kuwa na gindin tukunya ne aka kwaɓa da mai." Sai ta lura da ɗamarar, ta nemi kujera ta zauna.

"A gidan Sulle wa ke ɗinkin hula?"

"Ka sani, Malam. Kada ka sa ni in faɗa."

Ya sani. Wanda ya yi aikin nan ya zare tsohon ɗinkin a tsanake bai ɓata huji ko ɗaya ba, ya bi hujojin da allura guda, ya ɓoye ƙullin a cikin ninkin fata yadda dukawa ke yi. Sai wanda ya tashi a gidan dukanci, yana kuma da zaren hula a ɗakinsa.

"Me Sulle ya yi wa Sauda?" ya tambaya.

Hajo ta ce duk matan Unguwar Magarya sun sani, maza ma sun sani, kunne kawai suka toshe. Kunnen Sauda na hagu ba ya ji, mari ne. Bara tana da tsohon ciki ya sa ƙafa ya haure ta a kan tuwo ya huce, ta haifi ɗan ba rai, ita ma da ƙyar ta tashi. Aka ce wa mutane faɗuwa ta yi a bakin rijiya.

"Ni na yi wa jaririn wanka," in ji Hajo. "Namiji ne, har da gashinsa."

Ɗanmaliki ya tuna shi ma ya ji ƙishin-ƙishin a lokacin, ya ce sha'anin cikin gida ne. Ya naɗe zaren biyu a ƙyalle. Abincin da Hajo ta ajiye masa haka ta ɗauke shi. Yana ta saƙa cewa in ya bar maganar Ilu ta tsaya, tsautsayi ne kawai, tsoho ya yi kuskure, babu wanda za a ɗaure. Ya kwana da niyyar yin shiru.

Da gari ya waye sai ga hayaƙi ya turnuƙe daga hayin fadama. Wasu samari ba su jira sadaka ba, sun cinna wa bukkokin Hammawa wuta. Matan da yara sun tsira da kayan jikinsu, maruƙan da ke ɗaure a turke ba su tsira ba.

* * *

Bayan an shafa addu'ar uku a ƙofar gidan Sulle, mai unguwa ya ce kada kowa ya tashi. Aka fito da Hammawa daga gidan mai unguwar tsakanin 'yan sanda biyu, ya riga ya ji labarin rugarsa, fuskarsa kamar toka. Lukumanu na zaune a gaba cikin samari. Ilu na can gefe jikin katanga. Mata kuwa suna daga cikin zaure, bayan labule, ana jin motsinsu.

Ɗanmaliki ya miƙe, ya sake faɗin abin da ƙasa ta nuna masa, ya ɗaga ɗamarar ya ce ba wuƙa ce ta raba ta da zobenta ba, ɗinki ne ya zare. Kafin ya ƙara wata magana Ilu ya dafa katanga ya tashi.

"Jama'a, ni na yi ɗinkin. Ban sa kaki ba, zaren ya ruɓe. In akwai hukunci, a kaina yake. Ku bar bawan Allahn nan ya tafi."

Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai, yana fatan a karɓa.

Lukumanu ya yi wata dariya mai ɗaci. "Baba Ilu, wa za ka gaya wa haka? Gugar rijiyar masallaci ɗinkinka ce, tun ina yaro take cikin ruwa, ba ta zare ba. Linzamin dokin dagaci naka ne. A ƙasar nan wa ya taɓa ganin ɗinkinka ya saki? An dai haɗa baki da kai ne a fitar da Bafulatani!"

"Gaskiya ne!" samari suka ɗauka. Suka miƙe gaba ɗaya suka yo kan Hammawa. Dutse ya wuce ta saman kan ɗan sanda ya bugi katanga, na biyu ya sami Hammawa a goshi, jini ya wanke masa ido. 'Yan sandan biyu suka kare shi da jikinsu, amma kowa na ganin ba za su iya da taron ba.

"Ku tsaya!" Ɗanmaliki ya ɗaga murya yadda ba a taɓa ji ba. "Lukumanu ya yi gaskiya. Ba ɗinkin Ilu ba ne."

Suka tsaya. Ya kwance ƙyallen. Ya miƙa wa Lukumanu zaren Ilu ya ce ya tsinka. Lukumanu ya naɗe a yatsu ya ja har zaren ya shiga namansa, bai tsinke ba. Ya tsinko wani guntu daga jikin ɗamarar a gaban kowa, ya sa aka kawo ruwan alwala da sabulu, ya cuɗa, ya ɗaga shi sama.

"Wannan shi ya riƙe Sulle a kan bishiya. Zaren hula ne, aka shafe shi da baƙin tukunya da man gyaɗa don ya yi kama da mai kaki. Zai ɗauki mutum yana hawa yana riƙe da reshe. In ya saki hannu ya jingina da dukkan nauyinsa, shi ke nan. Hammawa bai taɓa shiga ɗakin da ake rataye ɗamarar nan ba, bai iya bin hujin basilla ba. Lukumanu ma bai iya ba."

"To wa ya iya?" in ji mai unguwa, a hankali.

Ɗanmaliki ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ilu ya zube a gabansa ya kama ƙafarsa. "Don zaman tare, Ɗanmaliki. Don Allah."

"Baba, tashi."

Daga bayan labule muryar ta fito. Labulen ya ɗaga, Sauda ta fito cikin mayafin takaba, siririyar mace, ta ɗan karkatar da kai don ta ji da kunnen dama. Ba ta kalli kowa ba sai mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Ranar da ya tafi Rogo kai zuma na zauna na zare ɗinkin Baba, na sa nawa. Ku sallami mutumin nan, ko sunansa ban sani ba sai da aka fara cewa shi ne."

"Sauda," in ji mai unguwa, "kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani. Na zo gidanka da kunne yana jini, ka ce in je wurin ubana. Na je wurin ubana, ya ce in yi haƙuri, ya riƙo hannuna ya dawo da ni. Na nemi saki, mai gidan ya ce sai dai gawata ta fita. Da na warke daga haihuwar nan ya ce in na sake kai ƙararsa, abin da ya sami ɗan shi zai same ni. Ƙafar da ya haure ni da ita nake so ta karye. Amma na san tsawon bishiyar. Ba zan ce ban sani ba."

Lukumanu ya yunƙura kamar zai yi kanta, sai ya tsaya, ya koma ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska. Samarin suka riƙa zubar da duwatsun hannunsu ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Da 'yan sanda suka tafi da ita, Ilu ya bi motar da ƙafa har ta ɓace masa.

* * *

Hammawa bai sake gina rugarsa ba. Mai unguwa ya aika masa a ba shi haƙuri, an kama biyu daga cikin waɗanda suka sa wutar, amma ya kwashe iyalinsa da sauran shanunsa ya koma wajen surukansa. Aka kai Sauda Kano, aka tsare ta ana jiran shari'a. Ilu ya rufe rumfarsa. Ya je wurinta ya fi a ƙirga, kullum a ce masa ta ce ba za ta fito ba.

Bayan an yi girbin gero sai ga shi a ƙofar gidan Ɗanmaliki, karo na farko tun ranar sadaka. Bai yi wani dogon zance ba. Ya ce, "Raka ni. Wataƙila kai ta yarda ta gan ka."

Suka shiga motar Kano da safe. Ilu na rungume da ƙullin ƙuli-ƙuli da sabulu. A bakin ƙofa aka shiga da sunayensu, mai gadi ta dawo ta ce mutum ɗaya za ta gani, ba tsohon mai ƙullin ba. Ilu ya miƙa wa Ɗanmaliki ƙullin, ya nemi inuwa ya tsuguna.

Sauda ta ƙara ramewa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi Hajo. Ɗanmaliki ya ce ya zo ne ta yafe masa.

"Ba ka yi mini komai ba, Baba. Da ka yi shiru da sun kashe shi, da na ɗauki rai biyu. Ya koma gidansa?"

"Bai koma ba. Sun ƙone rugar tun kafin ki yi magana. Ya tashi."

Ba ta sani ba, babu wanda ya gaya mata. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai tsawo, mara sauti, har mai gadi ta ce lokaci ya yi. Ya tura mata ƙullin, ya ce daga mahaifinta ne, yana nan waje. Ta dubi ƙullin, ta ɗauka, ta juya ta shige ba ta ce komai ba.

Ilu ya miƙe da ya hango shi, yana karkaɗe riga.

"Ta karɓa?"

"Ta karɓa."

"Ta ce wani abu a kaina?"

Ɗanmaliki ya dubi titi, motoci na ta wucewa. "Ta ce a gaishe ka."

Ilu ya daɗe yana kallonsa da raunanan idanunsa. Sannan ya gyaɗa kai.

"Ba ta ce ba," ya ce. "Amma na gode. Mu je, kada mu rasa mota."